Al'ada a Matsayin Alkawari: Sharhi a kan Rayuwar Blackfoot cikin Littafin Fools Crow na James Welch

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan yadda aka zayyana al'adu da rayuwar gargajiya ta mutanen Blackfoot a cikin ƙagaggen labarin nan mai suna Fools Crow, wanda James Welch ya rubuta, aka buga a shekarar 1986. Galibin abin da mai karatun Hausa ya sani game da 'yan asalin Amurka ta Arewa daga finafinan kaboyi ya samo shi, inda ake nuna su bisa dawaki, da gashin tsuntsu a ka, suna kururuwar yaƙi, har aka laƙaba musu sunan Indiyawan daji. Wannan hoto ya tattara ɗaruruwan al'ummomi masu harsuna dabam-dabam ya mai da su abu guda, sa'an nan ya hana mai kallo tambayar yadda mutanen suke zaune da junansu idan ba a fagen fama suke ba.

Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, Welch ya kama wani zare da ya kuɓuce wa yawancin waɗanda suka riga shi rubutu a kan wannan al'umma. Zaren kuwa shi ne alkawari, watau nauyin da ke kan mutum game da 'yan'uwansa, da dabbobin da yake ci, da kuma abubuwan da yake bauta wa. Za a fara da gabatar da mutanen da ƙasarsu, a waiwayi rubuce-rubucen farko da aka yi a kansu, a warware jigon littafin da salonsa, daga ƙarshe a nuna wuraren da ya yi rauni.

2.0 Su Wane ne Blackfoot?

Blackfoot suna ne da Turawa suka yaɗa, fassarar kalmar Siksika ce, ma'anarta baƙar ƙafa. Mutanen da kansu suna kiran kansu Niitsitapi, watau mutane na ainihi. Ƙawance ne na ƙabilu uku masu harshe ɗaya: Siksika, da Kainai, da Piikani. Iyakar Amurka da Kanada ta raba Piikani gida biyu, saboda haka a yau al'ummomi uku suna lardin Alberta na Kanada, ɗaya kuma tana jihar Montana ta Amurka. Waɗannan na Montana su ne mutanen littafin, kuma Welch yana rubuta sunansu Pikuni.

Ƙasarsu ta asali fili ne na ciyawa, daga Kogin Saskatchewan ta Arewa har zuwa Kogin Yellowstone a kudu, Duwatsun Roki kuma suka tokare ta daga yamma. Hunturun ƙasar yana da tsanani, dusar ƙanƙara takan rufe ta wata da watanni. Ba manoman abinci ba ne. Rayuwarsu ta rataya a kan ɓaunar Amurka, wadda take yawo garke-garke. Namanta ne abinci, ana ci ɗanye-gasasshe, ana kuma shanya shi a daka a cuɗa da kitse da busassun 'ya'yan itace don guzurin hunturu. Fatarta ce bangon tanti da bargo da takalmi, jijiyarta zare, ƙahonta cokali. Tanti kuwa mace ce take jeme fatunsa, ta ɗinka, ta kafa, ta kwance, kuma mallakarta ne.

Kafin zuwan doki, da ƙafa suke tafiya, karnuka suna jan kayansu a kan sanduna biyu. Farautar wancan zamani aikin gayya ce: a jera tarin duwatsu layi biyu masu tsukewa, a lallaɓo garke a shigar da shi tsakani, a firgita shi ya auka daga gaɓar dutse. Wani irin wannan wuri a Alberta, mai suna Head-Smashed-In, an yi amfani da shi fiye da shekara 5,000, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Doki bai iso gare su ba sai wajejen 1730, har sunan da suka ba shi ya nuna baƙo ne, domin sun haɗa sunan wata babbar barewa da na kare suka kira shi da shi.

Zamanin doki bai wuce shekara 150 ba. Agana ta auka musu a 1781, ta dawo a 1837 ta kashe dubbai, ta kuma dawowa a 1869. Sun ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Amurka a 1855, na Kanada kuma suka sa hannu a Yarjejeniya ta Bakwai a 1877, a ƙarƙashin shugabanni irin su Crowfoot da Red Crow. Zuwa 1883 ɓauna ta ƙare a filin, kuma a hunturun 1883 zuwa 1884 yunwa ta kashe ɗaruruwan Pikuni a Montana.

3.0 Rubuce-rubucen Farko

Abin lura na farko game da manyan littattafan da aka dogara da su wajen sanin al'adun Blackfoot shi ne, duk bayan ƙarewar ɓauna aka rubuta su. George Bird Grinnell ya fitar da Blackfoot Lodge Tales a 1892. Clark Wissler, ma'aikacin wani babban gidan kayan tarihi a New York, ya buga tarin labarun gargajiyarsu a 1908 tare da David Duvall, wanda uwarsa Bapikuniya ce, kuma shi ne ya yi aikin zama da dattawa da fassara maganarsu. Walter McClintock, wanda wani dattijo mai suna Mad Wolf ya ɗauka a matsayin ɗa, ya buga The Old North Trail a 1910. John Ewers ya zauna da ragowar tsofaffin da suka ga zamanin farauta a shekarun 1940, ya fitar da littafinsa a kan doki a al'adun Blackfoot a 1955.

Ba a raina wa waɗannan mutane ƙoƙarinsu. Ba domin su ba, da waƙoƙi da labarai da ƙa'idojin bukukuwa da yawa sun bi tsofaffi zuwa kushewa. To amma akwai illa biyu a aikinsu. Ta farko ita ce tsarin da suka bi, na rarraba rayuwa babi-babi: ga babin abinci, ga na aure, ga na yaƙi, ga na addini, kamar kayan da aka jera a kanta. Mai karatu zai san yawan fatun da ake ɗinka tanti da su, amma ba zai san abin da ke sa mutum ya kasa barci ba idan ya yi mafarki ya ɓoye. Ta biyu ita ce, sun rubuta ne don Turawa, da zaton mutanen suna gab da shuɗewa, saboda haka sukan auna abin da suka gani da ma'aunin masu karatunsu. Alal misali, McClintock ya gabatar da labarin Poia, wanda ya kawo wa mutane bikin Rana, a matsayin kwatankwacin labarin Almasihu. Kwatancen ya jawo tausayin mai karatu Kirista, amma ya rufe abin da labarin yake koyarwa a wurin masu shi.

4.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi James Welch a garin Browning na jihar Montana a 1940, ya rasu a 2003. Ubansa Blackfoot ne, uwarsa 'yar ƙabilar Gros Ventre. Littattafansa biyu na farko na zube, ciki har da Winter in the Blood na 1974, a kan mutanen zamaninsa ne, waɗanda talauci da giya da rashin sanin asali suka dabaibaye. A Fools Crow sai ya koma baya shekara ɗari da 'yan kai, zuwa ƙarshen shekarun 1860, lokacin da rayuwar gargajiya take tsaye da ƙafafunta amma ƙasa ta fara zaizayewa a ƙarƙashinta.

Tauraron labarin saurayi ne ɗan shekara 18 mai suna White Man's Dog, watau Karen Bature. Dawakinsa uku ne kacal, ba shi da mata, ba shi da sa'a, abokansa suna yi masa ba'a. Ya bi wani gwarzo mai suna Yellow Kidney zuwa harin dawaki a sansanin abokan gabarsu, ƙabilar Crow, tare da amininsa Fast Horse. Daga wannan hari hanyar samarin biyu ta rabu. Shi tauraron ya zama almajirin wani tsohon mai magani, Mik-api, ya auri Red Paint 'yar Yellow Kidney, ya sami sabon suna Fools Crow, watau wanda ya yaudari Crow. Fast Horse kuwa ya bar dangi ya shiga gungun Owl Child masu kashe Turawa.

Ƙarshen littafin ya haɗu da abin da ya faru a tarihi. A watan Agusta na 1869 Owl Child ya kashe wani Bature ɗan kasuwa, Malcolm Clarke. Ran 23 ga Janairu, 1870, sojojin Amurka a ƙarƙashin Manjo Eugene Baker suka far wa wani sansani a bakin Kogin Marias da asuba. Mutanen Mountain Chief aka aike su nema, sai suka dira a kan na Heavy Runner, mai zaman lafiya da gwamnati, wanda ya fito da takardar shaida a hannu aka harbe shi. Agana tana cikin sansanin, yawancin maza sun tafi farauta. Sojoji sun ƙirga gawa 173, wasu ƙididdigar kuma sun haura 200, galibi mata da yara da tsofaffi. Kakar mahaifin Welch tana cikin waɗanda suka tsira tana yarinya, kuma sunanta ya bai wa matar tauraron.

5.0 Warwarar Jigo

5.1 Mafarki

A wurin mutanen littafin mafarki saƙo ne, kuma ba na mai mafarkin kaɗai ba ne. A kan hanyar hari, Fast Horse ya sanar da cewa Mai Kawo Sanyi, watau ubangidan hunturu, ya zo masa a mafarki ya ɗora masa aiki. Bai cika ba. Ya sake ɗaukar alkawarin kai wa 'ya'yan Mai Kawo Sanyi barguna na fatar ɓauna, wannan ma ya saɓa. A cikin sansanin Crow kuma girman kai ya sa ya ɗaga murya yana cika baki, mutane suka farka, aka kama Yellow Kidney, aka datse masa yatsu duka. Shi ma tauraron ba a bar shi ba laifi. Ya yi ta mafarkin wani tanti da 'yan mata masu fararen fuskoki, ya ji kunya ya yi shiru. Ashe gargaɗi ne, domin a irin wannan tanti na masu agana Yellow Kidney ya ɓuya, ya aikata abin kunya da wata yarinya da ke bakin mutuwa, ya kwashi cutar.

A nan Welch ya yi abin da babin addini na littafin masana ba zai iya ba. Ya nuna cewa ɓoye mafarki cin amana ne, daidai da mai gadi ya hango abokan gaba ya ƙi yin magana. Bambancin samarin biyu bai tsaya a kan wanda ya yi kuskure ba, tun da duk sun yi. Ɗaya ya ɗauki nauyin kuskurensa, ya shiga yi wa iyalin Yellow Kidney farauta yana ajiye musu nama. Ɗayan ya guje wa idon jama'a, ya kira gudun nasa 'yanci.

5.2 Bakance

Babban bikin shekara na Blackfoot shi ne Okan, wanda Turawa suka fassara da rawar Rana. Ana yin sa a tsakiyar lokacin zafi, sa'ad da dukan rukunoni suka taru wuri guda. Finafinai da hotuna sun fi nuna samarin da ake huda wa fatar ƙirji a ɗaura su da igiya jikin ginshiƙi. Amma tushen bikin mace ce. Ba a yin sa sai wata mace mai kamun kai ta yi bakance ga Rana, cewa idan wani nata ya tsira daga ciwo ko haɗari za ta ɗauki nauyinsa. Za ta yi azumi na kwanaki, a yanka harsunan ɓauna masu yawa a shanya, ta saye ƙunshin ibadar bikin daga wadda ta riga ta. Idan akwai ƙarya a da'awarta ta tsarki, an yi imani masifa za ta sauka a kan kowa.

A littafin, Heavy Shield Woman, matar Yellow Kidney, ita ce ta yi wannan bakance don mijinta ya dawo. Ya dawo, amma ba yatsu, fuska duk zanen agana, zuciya a karye, ba ya iya farauta balle ya zama mata abokin zama. Duk da haka ta cika. Wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a littafin, domin marubucin bai sa alkawarin ya biya ta da daɗi ba. Abin da ta roƙa an ba ta, ta kuwa biya abin da ta ce za ta biya, ko da yake abin da aka ba ta ya zo da ɗaci.

5.3 Ƙunshin Ibada

Ƙunshin ibada tarin abubuwa ne masu tsarki da aka naɗe a fata: fatun tsuntsaye da na dabbobi, da lofe, da duwatsu, kowane da waƙarsa. Mafi girma shi ne ƙunshin biba, wata dabbar ruwa mai gina madatsa, wanda waƙoƙinsa suka kai ɗaruruwa. Akwai kuma na lofen Tsawa, wanda ake buɗewa idan aka ji tsawar farko ta shekara. Ƙunshi yana sauya hannu ta hanyar biki, mai karɓa ya ba da dawaki da kaya, mai bayarwa ya koya masa waƙoƙi da hane-hane. Miji da mata ne suke riƙe shi tare.

Wissler ya bayyana waɗannan ƙunsa dalla-dalla a 1912, kuma da yawa daga cikinsu sun ƙare a gidajen kayan tarihi. Welch kuwa ta bakin wani tsoho ya gabatar da al'amarin, watau Boss Ribs, mahaifin Fast Horse, mai riƙe da ƙunshin biba, wanda yake jiran ɗansa ya dawo ya koyi waƙoƙin. Ɗan bai dawo ba. Da wannan mai karatu ya fahimci cewa ƙunshin da ba shi da magaji ya riga ya fara mutuwa tun fatunsa ba su ruɓe ba, kuma wanda aka ajiye a akwatin gilashi an raba shi da abin da ya sa yake da daraja.

5.4 Dabbobi

Alkawarin ya haɗa har da dabbobi. Wani hankaka yana magana da tauraron, ya kai shi ya kuɓutar da wata dabbar dawa daga tarko, ita kuma ta zama mataimakiyarsa. Daga baya hankakan ya nemi ya kashe wani Bature da ke harbin namun daji yana barin su suna ruɓa. Marubucin bai tsaya ba da uzuri ko bayani ba. Hankaka ya yi magana kamar yadda maƙwabci zai yi, labari ya ci gaba. Wannan shawara ce ta salo mai nauyi, domin da ya ce tauraron ya ji kamar hankaka yana magana, da ya tsaya a waje tare da masana yana leƙen mutanen ta taga.

6.0 Salo

Da Ingilishi aka rubuta littafin, amma Ingilishin da aka lanƙwasa ya bi tunanin Blackfoot. Ɓauna sunanta mai baƙin ƙaho, sojoji su ne masu kamu, Duwatsun Roki su ne ƙashin bayan duniya, Turawa kuwa Napikwan. Ana ƙirga shekaru da hunturu, tafiya da kwana. Amfanin wannan dabara shi ne ta juya matsayin baƙo da ɗan gida. Mai karatu yakan sha wuya a shafukan farko, amma in ya saba, sai Bature da gidansa na katako da warinsa su zama su ne abin mamaki.

Har ila yau, Welch bai yi wa mutanensa kwalliya ba. Akwai hassada da zina da kisan gilla a cikinsu. Ƙanen tauraron ya nemi amaryar ubansu. Sunan yabo da tauraron ya samu ma rabinsa sa'a ce: faɗuwa ya yi a fagen fama, jama'a suka ɗauka dabara ce ta yin mushen ƙarya, labari ya yi ta girma a bakin mutane, shi kuwa ya san gaskiya. Shugabanni kuma sun rabu a kan Turawa, wasu na ganin a yi yaƙi, wasu a yi sulhu, kuma marubucin ya ba kowane ɓangare hujja mai ƙarfi, sa'an nan ya nuna cewa mai takardar sulhu aka fara harbewa.

7.0 Raunin Littafin

Rauni na farko ya shafi tarihi. Littafin yana barin mai karatu da zaton rayuwar doki da hari ita ce al'adar Blackfoot tun fil azal, alhali, kamar yadda aka nuna a baya, sabuwar aba ce in aka gwada ta da dubban shekarun farautar ƙafa. Ewers ya nuna yadda doki ya raba jama'a zuwa masu garke da matsakaita da waɗanda sai sun ara. Oscar Lewis kuma, a nazarinsa na 1942, ya danganta ƙaruwar auren mata da yawa da cinikin fatu, tun da mata ne masu jima, kuma mai mata da yawa shi ne mai fatun sayarwa da yawa. Watau wasu abubuwan da littafin ya gabatar a matsayin gadon kaka da kakanni, kasuwar Bature tana da hannu wajen siffanta su. Welch ya nuna bindiga da giya a matsayin baƙin abubuwa, amma bai bi sawun canjin har cikin tanti ba.

Na biyu ya shafi mata. Ko da yake bakancen Heavy Shield Woman ne ƙashin bayan labarin, galibin matan ta idon maza ake ganinsu, ko mata ta gari mai haƙuri, ko fitina. Ba a ji ɗuriyar ƙungiyar ibada ta mata zalla da ake kira Motokiks ba yadda ya kamata, haka nan irin matan nan masu dukiya da faɗa a ji da Lewis ya bayyana a 1941, waɗanda Piikani suke kira masu zuciyar maza. Wanda yake son wannan ɓangare sai ya nemi littafin Beverly Hungry Wolf, 'yar Kainai, The Ways of My Grandmothers, na 1980, inda tsofaffin mata suka yi magana da bakinsu.

Na uku ya shafi ƙarshen labarin. Tauraron ya yi tafiya ta ruhi ya sadu da So-at-sa-ki, matar da a labarin gargajiya ta auri Gamzaki ta zauna a sama, aka hana ta tono wata babbar saiwa, ta tono, ta hango danginta ta ramin, aka mai da ita ƙasa. Ɗanta ne Poia. Zaɓen wannan mata ya dace da jigo, tun da ita ce farkon mai saɓa hani. To amma a jikin wata fata ta nuna wa tauraron abin da zai zo: agana, da sojoji, da filin da ba ɓauna, da yara a makarantar Turawa an aske musu gashi. A nan hannun marubucin ya fito fili. Abin da ɗan 1986 ya karanta a tarihi ne aka sa wa rigar duba. Daɗin daɗawa, wahayin ya sa bala'in ya yi kama da ƙaddarar da ta sauko daga sama saboda laifin wata mace, alhali mutane ne masu suna da muƙami suka ba da umurni, wasu suka harba.

Na huɗu, ita kanta dabarar fassara kalmomi kai tsaye tana da farashi. Kalmar da take ta yau da kullum a bakin mai harshe takan zama kamar waƙa ko maganar yara idan aka warware ta cikin wani harshe, har mai karatu ya ɗauka mutanen kullum cikin azanci suke magana.

8.0 Kammalawa

An ga yadda masanan farko suka adana sassan al'adun Blackfoot, da yadda Welch ya mai da sassan jiki guda ta hanyar jigon alkawari, da kuma inda ya gaza ta fuskar tarihi da matsayin mata da ƙarshen labari. Duk da raunin, fahimtarsa ta jigon ta tabbata a abin da ya biyo baya. Gwamnatocin ƙasashen biyu sun yi yaƙi da bukukuwan, Amurka da dokokin 1883, Kanada da gyaran doka na 1895 wanda bai kau ba sai 1951, amma Okan bai mutu ba. Shekara guda bayan fitowar littafin, a 1987, Darrell Kipp da Dorothy Still Smoking suka kafa cibiyar Piegan Institute a Browning don raya harshen. Dokar Amurka ta 1990 da ta lardin Alberta ta 2000 sun buɗe hanyar mayar da kayan ibada ga masu su, kuma ƙunsan da suka fito daga gidajen kayan tarihi sun koma ana buɗe su ana miƙa su hannu da hannu. A 2014 al'ummomin Blackfoot da wasu maƙwabtansu suka sa hannu a yarjejeniyar dawo da ɓauna, a 2016 kuma aka kawo 'yan maruƙa fiye da 80 daga gandun Elk Island na Kanada zuwa ƙasar Pikuni.

Littafin ya rufe ne da buɗe ƙunshin lofen Tsawa bayan fitar hunturun 1870, ragowar mutane suna zagaya sansani, da jariri a goye. Shawarar da takardar take bayarwa ga mai nazari ita ce ya karanta Welch tare da Ewers da Hungry Wolf, ɗaya ya ba shi yadda abin yake a zuciya, ɗaya ya ba shi yadda ya canja da zamani, ɗaya kuma muryar matan da suka ɗinka tantunan.